Ranka Ya Daɗe, Sunan Nan Ba Ya Faɗuwa a Bakina

Zuwa ga Shugaban Makarantar su Ummi, hanyar Bwari, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da malamai da ɗalibai baki ɗaya. Ya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Ni ne mahaifin yarinyar nan ta aji biyu na ƙaramar sakandare da ta zo ta ɗaya a lissafi a zangon nan. Bakano ne ni, ina sayar da shadda da yadi a kasuwar Dutse Alhaji. An ce mini kai Bazazzagi ne. To alhamdu lillahi, ka ga akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni, don haka duk abin da na faɗa a nan sai ka daure ka shanye.

Wallahi ban so maganar nan ta fito fili ba. Sau biyu ina zuwa ofishinka, mai gadi yana ce mini oga ba ya ganin kowa sai wanda ya cike fom a waya. Na tura maka saƙo kai kaɗai, na ga alamar ka karanta, sai ka aiko mini da hoton babban yatsa. Na koma guruf ɗin iyaye, na tarar an rufe bakin kowa, admin kaɗai ke magana. Tunda duk ƙofofin a kulle suke, shi ya sa na tsaya daga waje ina ɗaga murya.

Na ɗaya. Bari in fara da godiya, kada ka ce Bakano bai san alheri ba. Kafin zuwanka, takarda ake ba yara su kawo gida. Sai an yi taron iyaye an watse da sati guda za ka tsince ta a ƙasan jaka, ta sha zoɓo ta bushe. Tun da ka buɗe mana guruf muka huta. Ranar nan ta damina da ruwa ya shanye kwalbatin da ke kusa da makaranta, saƙonka ya iso mu kafin yara su gama sa takalmi, kowa ya riƙe ɗansa a gida. Allah ya saka da alheri. Sai dai furannin nan da kake aiko mana kowace safiya da gaisuwar Turanci, don Allah a rage. Wayata ta cika da fure har na rasa inda zan ajiye hoton shaddar da nake tura wa kwastomomi.

Na biyu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sati biyu da suka wuce ka sanar a guruf cewa duk uban da ɗansa zai karɓi kyauta ranar Asabar mai zuwa ya aiko da bidiyo na minti ɗaya. Ka ce ya kira cikakken sunan yaron da bakinsa, ya faɗi irin alfaharin da yake yi da shi. Za a haska a majigi ranar taro, a kuma ɗora a shafin makaranta duniya ta gani. Ka ƙara da cewa wanda bai aiko ba, ba za a nuna hoton ɗansa ba.

Ranka ya daɗe, yarinyar nan sunan mahaifiyata na sa mata, kuma ita ce 'yar farinmu. Shekararta goma sha biyu a duniya, ban taɓa furta sunanta ba ko da sau ɗaya. Ranar suna ma liman ne ya faɗa, ni kaina na ƙasa. Uwarta ba ta faɗa, don sunan surukarta ne. Ƙannena ba sa faɗa. Ummi muke kiranta duk gidan. Rubutawa dai ina iya rubutawa a fom ɗinku, shi ma sai na kare da hannu. Hajiyar tamu kuwa tana nan da ranta a Kano, jikoki sun kewaye ta da wayoyi, ba abin da ke wucewa a shafin makarantarku ba su nuna mata ba. Ka taimake ni ka yi tunanin tsohuwar nan zaune a kan dardumarta, a miƙo mata waya, ta ga ɗanta mai furfura a gemu ya buɗe baki ya kira sunanta gatsau a gaban duniya. Da wane ido zan shiga gidan da Sallah?

Kada ka ce ban gwada ba. Na sa sabuwar hula, na zauna a shago inda shaddoji suka fi kyau a bayana, na ba maƙwabcina Alhaji Sabo mai atamfa waya ya ɗauka. Karo na farko na ce Ummi. Malamar da ke karɓar bidiyoyin ta maido mini, wai ba wata Ummi a rajista. Karo na biyu na ce mai sunan Hajiyata. Ta sake maidowa, wai cikakken suna ake so. Karo na uku na yi bisimilla, na ɗaure fuska, na ce yau sai dai a yi wadda za a yi. Ina buɗe baki tari ya sarƙe ni, gumi ya karyo mini. Alhaji Sabo ya yi dariya har wayar ta suɓuce masa cikin atamfofi. Tun daga ranar duk layinmu ba mai kirana sai da ɗan fim. Ni da ake gaisarwa da girma a kasuwa, ka ga abin da ka jawo mini.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kai fa ɗan gida ne. Da baƙo ne ya kawo dokar nan sai in ce bai sani ba. Amma Bazazzagi? Na tabbata kai ma akwai wata Ummi ko Mami ko Abba a gidanku da ba ka taɓa jin sunansu na yanka a bakin iyayensu ba. Ko dai boko da zaman Abuja ne suka wanke maka? Ko kuwa waya ce ta zo da tsarinta ka ɗauka yadda yake ba ka auna shi da mutanen da za su bi ba?

Na uku. Bidiyon sauran iyaye sun yi ta fita a shafinku kullum, kuma ni ma na kalla na ji daɗi. Maman Ifeoma, maƙwabciyarmu, ta ɗaura gwaggwaro ta taka rawa tana kiran sunan 'yarta sau bakwai. Wani ma'aikacin ma'aikatar tarayya ya sa kwat ya zuba Turanci har ya wuce mintinsa, ba wanda ya tsayar da shi. Kowa da irin tarbiyyar gidansu, ban ga laifin kowa ba. Amma ranar Laraba sai ga saƙonka a guruf mai iyaye fiye da yadda zan iya ƙirgawa: jerin waɗanda iyayensu ba su aiko ba tukuna. Jerin kuwa suna ɗaya ne tal a cikinsa, na 'yata, ka kuma manna masa 'yar fuskar nan mai hawaye a gefe. Na san wasa ka yi niyya. Amma ka manta yaran nan su ne ke riƙe da wayoyin iyayensu mata da yamma. Kafin gari ya waye duk ajinsu sun gani.

Na huɗu. A nan dariyar ta tsaya mini. Ranar Alhamis Ummi ta dawo daga makaranta ba ta ci abinci ba. Yarinyar da surutunta ke hana mu jin labarai a rediyo, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Da uwarta ta matsa mata, sai ta ce ita ba za ta je taron Asabar ba, a ba wani kyautar. Ta ce ƙawayenta suna tambayarta ko babanta fushi yake yi da ita. Uwar ta yi mata bayanin alkunya, Ummi ta ce ai ta sani, amma baban ƙawarta Fadila ma Bahaushe ne kuma ya faɗi sunan 'yarsa har da tafi. Aka ce mata Fadila auta ce, kuma ba sunan kakarta gare ta ba. Sai ta ce to ko don a lissafi kaɗai ta zo ta ɗaya, da a duka darussa ne da wataƙila Baba ya daure.

Maganar nan ta soke ni, ranka ya daɗe. Tun da uwarta ta gaya mini nake yanka yadi ina kuskuren awo. Mu haka muka taso. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa duban idona ya ce na yi ƙoƙari ba. Ranar da na sauke Alƙur'ani, da muka zauna cin abinci, sai ya tura naman da ke gabansa zuwa gefena bai ce uffan ba, ni kuwa na gane komai. Amma Ummi a Abuja aka haife ta, cikin yaran da iyayensu ke rungume su a bakin get. Na tura mata nama ranar da sakamako ya fito, ta cinye ta ce an gode, ba ta san an yi mata magana ba. Wannan ba laifinka ba ne, na yarda. Laifinka shi ne ka ɗauki abin da muke lallaɓawa a cikin gida ka kafa shi a allo.

Saboda haka ga roƙona.

A karɓi bidiyona na farko, wanda na ce Ummi. Ku rubuta cikakken sunanta a ƙasan hoton da manyan baƙaƙe, mai gabatarwa ya faɗe shi a lasifika yadda har mutanen Bwari za su ji. Ni dai a bar ni da Ummina.

A goge jerin nan daga guruf, kuma don Allah kada a sake fitar da sunan yaro a bainar jama'a kan abin da babba ya yi ko ya kasa yi.

A riƙa buɗe mana guruf ko da rana ɗaya ce a sati mu ma mu ce wani abu, a kuma ware wata safiya da uba zai shigo ofis da ƙafarsa ba sai ya cike fom ba. Da na samu minti biyar a gabanka, da mun kashe maganar nan muna dariya, har in tsokane ka in tafi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ɗaukaka makarantar nan, ya shirya mana yaran baki ɗaya. Allah ya sa ka gama da iyayenka lafiya, ya ba ka 'ya'yan da za su ji nauyin sunanka.

Roƙo na ƙarshe shi ne ya fi mini duka. Kafin Asabar, ka kira Ummi ofishinka, ba a waya ba, ka zaunar da ita. Ka gaya mata babanta ya ce tun ranar da takardar sakamakonta ta shigo hannunsa ba kwastoman da ya shiga shagonsa ya fita bai gan ta ba. Ka gaya mata ko ta ɗaya ta zo ko ta ƙarshe, bai taɓa yin alfahari da wani abu a duniya kamar yadda yake yi da ita ba. In ta tambaye ka me ya sa bai faɗa a bidiyo ba, ka ce mata ranar da aka haife ta ya duba duk abin da ya mallaka, bai ga abin da ya kai sunan mahaifiyarsa daraja ba, shi ya ɗauka ya ba ta. Ka ce mata ta shirya, ranar Asabar ni zan kawo ta da kaina, kuma a layin gaba zan zauna.

Wassalam.

Naka abokin wasa,
Baban Ummi,
Dutse Alhaji, Abuja.