Azarar Ɗakin Inna

Sabangali, Injamena
Farkon damina

Zuwa ga maigidana, Malam Junaid,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa. Yaya gajiya, yaya kasuwar shanun Durbali? Da fatan tarin nan ya sake ka. Mu nan kalau muke, ni da abin da nake ɗauke da shi, wanda ya fara shuri kamar ɗan maraƙi.

Ka san da yake ba ni da uwa a raye, Inna mahaifiyarka ta ce a ɗakinta zan haihu, inda aka haife ka, ita za ta yi mini wankan jego. To, shekaranjiya na shiga share ɗakin, sai wani wari ya tare ni, irin na tuwon da aka manta a kwano. Na ɗaga labulen bango, bayansa duk funfuna. Na ɗaga kai, sai ga azarorin kusurwar gabas sun yi baƙi suna naso, har laimar kwaɗi ta tsiro a jikin ɗaya.

Na gaya mata, ta ce hancin mai ciki ne, komai wari yake masa. Da na matsa, sai ta ɗauko tarihin da ka fi ni sani. Mahaifinta ya taso daga Haɗeja a ƙafa zai je Makka, damina ta tare shi a nan bakin kogin Shari, ya gina ɗakin don ya huta kafin ruwa ya ɗauke. Wai ya yi wasiyya kada a taɓa rufin, matafiyi ba ya gyaran zango. Ga shi ta tsufa a zangon, kai ma furfura ta fara leƙo maka, amma a wurinta har yau kan hanya muke.

Don Allah ka aiko mata da magana, ko za ta ji taka. Ina gaida abokan tafiyarka.

Matarka,
Murja

Sabangali
Tsakiyar damina

Maigida,

Sallama da fatan alheri. Yaya jiki, yaya ruwa a wajenku? Saƙonka ya iso, na karanta wa Inna. Ta saurara tsaf, ta sa maka albarka, sannan ta ce yaro man kaza ne. Ka ji matsayinka.

Na kira Buba magini daga unguwar Mursal. Ya hau soron, ya tarar ganyen darbejiya ya toshe indararo, ruwa ya kwanta a sama, yaɓen ya tsattsage yana tsiyaya ciki. Ya sauko ya soka wuƙa a azarar, ta shige kamar a dafaffiyar kabewa. Ya ce sai an yaye ɓangaren nan, a canza waɗanda suka ruɓe, a sa sabuwar zana, a yi yaɓe mai gangara. Inna ta dafa masa shayi, ta tambayi lafiyar gyatumarsa, ta raka shi har zaure da kanta, ta ce ya gaida gida.

Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba. Na durƙusa na ce mata ba zan kwantar da jariri a ƙarƙashin rufin nan ba, a ɗakina zan haihu. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, amma kullum da safe sai in tarar da kunu a ƙofata, an rufe da faifai. Ina sha ina kuka. Wallahi tsoro biyu nake ji. In hadari ya haɗo, ina tsoron ɗakin ya rufta da ita. In gari ya waye lafiya, ina tsoron na ɓata wa matar da ta maye mini gurbin uwa.

Ka sa mu a addu'a, ka kuma rage shan shayin nan.

Taka,
Murja

Sabangali

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, don labarin nan sai mai lafiyar haƙarƙari.

Jiya Inna ta kira ni ɗakinta, tana riƙe da taɓarya. Ta ce yau za ta nuna mini aikin mutanen da, ba irin na su Buba ba. Ta daki azarar ƙofa, ta yi ƙara garau, ta harare ni. Ta matsa kusurwar gabas, daidai inda ta shimfiɗa katifar jego, ta ɗaga taɓarya ta daka. Taɓarya ta nutse. Ƙasa jiƙaƙƙiya da gara suka zubo mata a ka, ɗankwali ya yi nasa wuri. Alhamdu lillahi ko ƙwarzane ba ta yi ba. Na so in daure, dariya ta ci ƙarfina, ita ma ta kama, har muka zauna a ƙasa.

Da dariyar ta lafa, sai ta tsaya kallon wani curin ƙasa da ya faɗa kan katifar, wajen da kan jariri zai kasance. Ta daɗe tana kallonsa. Daga nan ta ce in aika a kira magini.

Yau da safe aka yaye rufin. Ta zauna a tsakar gida tana ba da umarni, duk azarar da ke da rai ta ce a mayar da ita inda mahaifinta ya sa ta. Sababbin kuwa ta ce sai na giginya namiji, waɗanda za su ga jikokin abin da ke cikina. Da hasken rana ya faɗo tsakiyar ɗakin, ta kamo hannuna ta riƙe, ta ce a hankali, "Murja, ashe mun iso." Tana murmushi tana share ido, ni ma na taya ta.

Buba ya ce yaɓen zai bushe kafin in sauka, in ruwa ya ɗaga ƙafa. Kai dai ka zaɓo ragon suna mai kyau, ka taho da wuri. Inna na gaishe ka ƙwarai.

Matarka mai jiran ka,
Murja