Hoton Dama Ya Fi na Hagu Girma

Litinin, 3 ga Maris
Likita ya sa rana. Talata ta sama za a yi wa Mama aikin idon hagu, kuma bai ɓoye mana ba, ƙila idon ya tafi ke nan. A mota ta ce, "Auta, ki haɗa min hoton babanku mai zurfin nan, in gan shi tun ina da ido biyu." Na ce to.

Talata, 4
Na buɗe akwatin marigayi Baba. Da kyamara biyu yake ɗauka, a manna hotunan gefe da gefe a kwali, a leƙa ta gilashi, sai ka ga mutum tsaye kamar ka taɓa shi. Na samo namu na ƙofar shago. Bai taɓa manna su ba, yanzu na ga dalili. Na dama ya fi girma. Kan Baba milimita goma sha ɗaya a can, goma a nan.

Alhamis, 6
Na jera su haka nan na leƙa. Baba biyu, kaina kamar zai tsage.

Asabar, 8
Mai wankin hoto na bakin titi ya gwada rage min na daman har sau huɗu kafin kawunan su zo ɗaya. "Sauran aikin almakashi ne," in ji shi, "duk abin da babu a hagu sai ya fita." Abin da babu a hagu Yaya ne. A can gefe yake, kyamara ɗaya ce ta kama shi. Shekara biyu ba ma magana, tun da ya sayar da shagon bai shawarci kowa ba. Na yanke.

Lahadi, 9
Mama ta daɗe tana leƙawa, har ta miƙa hannu tana laluben iska. "Ga shi nan da tsohuwar hularsa!" Ta yi dariya. Can ta ce, "Ai mu huɗu ne ranar." Na ce ƙaramin hoton ne ya jawo, Mama. Ta dai miƙo min gilashin.

Talata, 11
An shiga da ita ƙarfe tara. Ina kan benci, na kasa zama, na kasa tashi. Jiya na tura wa Yaya lambar ɗakin, don dai kar a ce ban faɗa ba. Duk wanda ya turo ƙofa sai na ɗaga kai.