Motar Doreen da Baban Doreen

Litinin, 3 ga Maris 2025
Sati biyu ke nan da 'yarmu Doreen ta aiko mana da motar nan daga Abuja. Tana shan fetur, tana kuma shan wuta kamar waya. Da caji kaɗai tana yin kilomita hamsin kafin inji ya tashi. Mijina Dickson ya ɗauki tashin injin nan kamar zunubi. Tun da ya yi ritaya daga hedimasta ban ga abin da ya kama shi haka ba.

Laraba, 5 ga Maris
Na makara zuwa zumuntar mata. Daga gida zuwa coci minti bakwai ne, mun yi ashirin. Wai in ya taka da ƙarfi inji zai farka. Mai keke ɗauke da buhunan citta ya wuce mu, har da ɗaga mana hannu. Ƙawata Emilia ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya. Me zan ce?

Lahadi, 9 ga Maris
Zafi kamar a bakin murhu, amma Dickson ya hana kunna esi a mota. Yana cin batir, in ji shi. Na isa sujada rigata a jiƙe.

Alhamis, 13 ga Maris
Yau kam raina ya ɓaci. Kwana uku ba wuta. Ashe tun jiya da safe ya cire firiza daga sola ya jona motarsa. Kifin da na saya don bikin suna a gidan Boaz duk ya yi wari. Na zubar. Da na yi magana sai ya fara yi mini lissafin rana da batir kamar ina aji huɗu. Na ce masa shekara talatin da ɗaya na yi ina jin darasi, yanzu kifina nake tambaya. Bai ci tuwo ba. Ni ma ban roƙe shi ba.

Asabar, 15 ga Maris
Motar ba ta da ƙara ko kaɗan. A kasuwa mutane ba sa matsawa, awaki ma haka. Shi kuma ba ya son hon. Ni ce nake leƙo kai ta taga ina cewa a ba mu hanya. Ni, da shekaruna.

Talata, 18 ga Maris
Wajen ƙarfe biyu matar Kumai, yayana, ta kira daga Godogodo, wai ya faɗi a gona, bakinsa ya karkace. Na fito ba ko ɗankwali. A raina na riga na yanke cewa in Dickson ya fara maganar batir zan sauka in hau acaba.

Ko maganar batir bai yi ba. Muna fita gari ya taka, inji ya tashi da ƙara, ya ci gaba da takawa. Ban taɓa ganin ya yi gudu haka ba. Da muka kwantar da Kumai a baya, shi da kansa ya kunna esi har ƙarshe. Likita ya ce hawan jini ne, kuma da mun ƙara awa ɗaya da labarin ya bambanta.

Juma'a, 21 ga Maris
Kumai ya gane ni. Hannun hagu bai dawo ba tukuna.

Laraba, 26 ga Maris
Kullum muna kai abinci asibiti, kuma an koma tafiyar hawainiya. Ban yi faɗa ba, na gaji. Da yake motar shiru ce, ba abin da za a ɓuya a bayansa, sai ga shi yana magana. Ya ce tun da ya bar makaranta yakan tashi da safe ya sa takalmi, sannan ya tuna ba inda za shi. Ya ce, "Maman Doreen, motar nan ce kaɗai take jiran in yi mata wani abu."

Na ce ni fa? Ya ci gaba da tuƙi har muka isa asibiti. A bakin ƙofa ya karɓi kular abincin daga hannuna. Bai saba ba.

Lahadi, 30 ga Maris
An sallami Kumai jiya. Doreen ta kira bayan sujada. Ashe Emilia ta kai mata rahoton duk ƙorafina. Ta ce za ta turo a ɗauki motar, ta kawo mana ta fetur zalla, in huta. Na ce ta bari tukuna, hanyar Kagarko ba kyau yanzu. Ta ce, Mama, wace hanya kuma? Na ce mata ina da tukunya a wuta.

Ba ni da komai a wuta. Gobe za mu Godogodo duba Kumai. Na ce masa mu fita da wuri, tunda a hankali za mu je.