Na Kankare Sitikar Babur

Yaya,

Na dawo na tarar kana ta sharar barci, ban tashe ka ba, ni ma na makara zuwa wurin aiki.

Na tura babur ɗinka har ofishin rajista, tunda har yau bakinka bai kama yaren mutanen nan ba. Sun duba takardar zamanka, ba matsala. Sai ma'aikacin ya ce a nuna masa lambar da ke jikin ƙarfen babur ɗin. Muka nema sama da ƙasa, har ya durƙusa da tocila. Ashe tana ƙarƙashin sitikar nan da Inna ta aiko maka daga gida, mai "Hassada ga mai rabo taki". Na fassara masa, ya ce magana ta yi kyau, amma shi lamba yake nema.

Ka yi haƙuri, na kankare ta da makulli. In Inna ta kira, kai za ka yi bayani.

An yi rajista, na ɗaura lamba. Takardar inshora ce ba ta fito ba tukuna. Don Allah kada ka hau, ko da zuwa sayen burodi ne. In 'yan sanda suka tare ka, babur ya tafi ke nan, mu kuwa baƙi ne, ba mu da kawu a ofishinsu.

Na san halinka, shi ya sa makullin yana aljihuna. Ka hau bas. Mahassada ma su huta kwana biyu.

Ƙaninka