A Saki Direban, A Kamo Mai Motar

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin da Gwamnatin Soja ta naɗa kan dokar ƙwaya, Sakkwato.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Sunana Hajara, mai sayar da fura a Gidan Igwai. Na ji a rediyo kuna neman ra'ayin jama'a, ko a daina ɗaure masu shan ƙwaya ko a bar doka yadda take. Ni ce uwar Bello, direban babbar mota da ke gidan yari. Ɗan farina ne, ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, yau baƙin ciki ya sa na rubuta shi.

Na ɗaya. Tun da kuɗin mai sunka shigo, uban gidansa, wani Alhaji mai motar, ya sa shi jigilar siminti daga Legas. Duk tafiya Alhajin yakan ba shi goron hanya a ƙunshe cikin ganye, da ƙwayoyin hana barci a ciki. Direban da ya tsaya ya runtsa, korarsa ake yi. Da wannan ƙunshin anka kama Bello a shingen sojoji. Alhajin ya rantse shi goro kaɗai ya sani, washegari ya ɗauki sabon direba.

Na biyu. Masu cewa kada a sassauta suna da hujja. Na ga samarin da ƙwaya ta haukata a bakin tasha. Amma ɗaurin bai warkar da nawa ba. Na ziyarce shi bayan Sallah, ko ludayi ya kasa riƙewa.

Na uku. Masu cewa a yafe wa kowa, ban bi su ba. Ni ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, a kai masu sha asibiti, a sako mini ɗana. Shekarun da sunka rage masa a ɗora wa mai ƙunsa goron, a ninka. A sa shi a ɗakin da Bello ya bari, kan tabarmarsa. Ranar ziyara ni da kaina zan kai masa goro, don in gan shi da idona.

Allah ya ba ka ikon adalci, ya tsare zuriyarka daga abin da ya sami tawa.

Wassalam.
Hajara, uwar Bello.