Takalma a Bakin Ƙofar Coci

Baba Tela,

Ina gaisuwa, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Shekara ashirin da biyu shagonka na jikin shagon gyaran takalman babana. Ran Juma'a ya tsare maka naka ka je masallaci, ran Lahadi ka tsare masa nasa ya je coci. A jana'izarsa mun ajiye maka kujera a layin dangi, kusa da Mama. Har aka tashi ba wanda ya zauna a kai. Mama sai waiwaye take yi. 'Yan'uwa suna ta cewa ai dama irinku ba sa shiga cocin mutane. Na rasa bakin kare ka. Haba Baba, me ya hana ka?

Ka huta lafiya.
Auta

*

'Yata Auta,

Ina amsawa. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba ni.

Wallahi na zo. Ban taɓa shiga coci ba, sai na yi yadda na saba a ɗakin ibada, na tuɓe takalmana a bakin ƙofa. Mai tsaron ƙofar ya dubi ƙafata, ya dubi rigata da hulata, ya ce rabon abincin mabuƙata sai gobe, ta ƙofar baya. Bai faɗa da wulaƙanci ba, har murmushi ya yi. Ni kuwa, tsohon banza, na ja gefe. Sai ga masu ɗauke da akwatin gawar, mutane suka cika ƙofar, takalman suka ɓace a ƙarƙashin ƙafafunsu. Na tsallaka titi na tsaya jikin wata bishiya har kuka fito da shi. Da safa kawai a ƙafata na koma gida.

Kunya ce ta hana ni zuwa gaisuwa. Ran Lahadi na buɗe shagonsa na share, sannan na tuna. Tun da ya tafi, a bayan keken ɗinki nake sallah ran Juma'a, ba mai tsare min shago.

Ki gaida Mama, ki ce ta yafe min.
Babanki Tela

*

Baba,

Na je cocin, na sami takalmanka a kwandon kayan da aka manta. Ɗinkin babana ne a dunduniyar, ko ido rufe na san shi. Mama ta rungume su ta yi ta kuka.

Ran Juma'a zan kawo maka da kaina. Ka sa su ka tafi masallaci, ni zan zauna a shagon.

'Yarka,
Auta