Ruwan Mama a Gaban Talabijin

Lahadi, 2 ga Yuni, 2024
Yau na tsinci ƙwayoyin hawan jinin Mama cikin gwangwanin magi, ko ɗaya ba ta taɓa ba. Wai ta warke. Wa ya warkar da ita? Faston nan mai farin kwat na talabijin. Yakan ce a ajiye ruwa kusa da akwatin, ya yi ta ihu a kansa, a sha. Ni Febi, mai koyar da kimiyya a sakandare, a cikin gidana! Na yi dariya, daga baya tsoro ya kama ni. Wannan ciwon ne ya tafi da Baba.

Laraba, 5 ga Yuni
Da gangan na kawo siririyar talabijin don kwalbar ruwan Mama ta rasa wurin zama. Mama ta jawo kujerar tsakar gida ta ɗora ta a gaba. Tsohuwar nan sai Allah.

Asabar, 8 ga Yuni
Na ƙwace rimot, na kai mu tashar da wata likita ke bayanin zuciya da Hausa. Mama ta tashi ta ɗaura ɗankwali tukuna, wai ba a zama gaban manya kai a buɗe. Duk abin da likitar ta faɗa sai ta amsa da amin. Har da rage gishiri, amin. Ta yaba da tarbiyyarta, ba ta ihu, sai dai kash, ba ta rufe da addu'a ba.
Ƙwaya dai ba a sha ba.

Lahadi, 9 ga Yuni
Hajiya Mu'mina, ƙawar Mama daga unguwar Liman Abaji, ta zo mana wuni. Na kai mata ƙara. Ta dube ni kamar wadda ba ta da wayo, ta ce ita nata maganin da bisimilla take haɗiyewa, ina abin faɗa a nan? Ta ɗauko ƙwayoyin ta jera su gefen kwalba. Fasto ya yi ihunsa a kan duka biyun. Mama ta haɗiye ɗaya da ruwan albarka.
Bayani ya zo mini har maƙogwaro. Na haɗiye shi ni ma.

Juma'a, 28 ga Yuni
Asibiti. Jini ya sauka! Mama ta taka rawa a gaban nas, har zani na kwancewa. A keke ta ce aikin fasto ne, na ce na ƙwaya ne, muka yi ta yi har Gangaren Tudu. Mai keke ya ce mu raba biyu. Rabon da in yi farin ciki haka na manta.

Lahadi, 30 ga Yuni
Shirin fasto zai fara ke nan aka ɗauke wuta. Mama ta naɗe hannu, ta ce ba ta shan abin da ba a yi wa addu'a ba. Lallashi, faɗa, duk a banza. Sai ta miƙo mini ɗankwalinta.
"Ke ba ki da baki ne, 'yar nan?"
To, na yi addu'ar. Dabara ce kawai, gajeruwa na yi niyya. Ban san yadda aka yi na kai ga roƙon Allah ya bar mini ita ba. Ta ce amin, ta sha.
An dawo da wuta tun ɗazu. Ba wadda ta tashi ta kunna.